Tsakata ta yi ƙwai biyu, ya zan yi da su a wannan zafin?

Nafisa Gwadangaji: Assalamu alaikum 'yan zaure. Na san a nan maganar kaji da zabi da tantabaru aka saba, amma ku yi haƙuri da ni, ba ni da wurin kai tambaya sai nan. Tsaka nake kiwo. E, tsaka. Kafin a fara jifa: ba irin ta bango ba ce mai bin ƙwan lantarki da dare. Wannan ta daji ce, mai kaurin wutsiya, jikinta ratsi-ratsi ruwan ƙasa, tana ƙifta ido, kuma ko bangon roba ba ta iya hawa. Yayana ne ya tono ta ƙarshen Fabrairu a gonarsa ta wajen Zuru, yana rushe wani tsohon suri. Da yake ya san ilimin dabbobi nake karanta, sai ya aiko min ita a gwangwanin madara. Yau da asuba, 3 ga Afrilu, na tarar ta tona yashin da na sa mata ta yi ƙwai biyu, farare, dogaye kamar ƙaramin dabino, ɓawonsu da laushi. Ita kuma ta zube, wutsiyar ta tsotse, ta shige lungu ko kallon ƙwan ba ta yi. In bar su wurinta ne ko in ɗauke? Kuma ta yaya ma ta yi ƙwai, ita kaɗai ce babu namiji?

Bashar Argungu: Ikon Allah! Mu muna neman kuɗin dusa, wata tana neman ungozomar tsaka.

Alhaji Garba Jega: Wa alaikumus salam. Ɗiyata, abin mamaki ba ya ƙarewa. To ai ƙwai ƙwai na. Ki kawo su nan Jega, ina da injin ƙyanƙyasa mai cin 500, shina kan sola dare da rana, shina juya ƙwai da kainai. In samo musu gurbi cikin na kaji, kwana 21 ki zo ki ɗauki abinki. Sai dai kar ki gaya ma yarana ko na mine ne, guduwa za su yi.

Dokta Hadiza: Baba Alhaji, Allah ya saka da alheri, amma don Allah kar a yi haka. Injinka zai dafa su ne. Ƙwan kaza yana son digiri 37 da rabi, na wannan tsakar tsakanin 28 da 32 yake so, in ya daɗe sama da 34 ko 35 ɗan ya mutu a ciki. Juyawar ma ita ce babbar matsala. Ƙwan kaza yana da wasu zaruruwa biyu da ke riƙe da gwaiduwa, shi ya sa ko an juya shi ɗan yana komawa sama, har ma sai an juya ɗin yake lafiya. Ƙwan tsaka da na ƙadangare ba su da wannan. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu ɗan yake mannewa a jikin ɓawon ta sama, in aka kifa shi gwaiduwar ta danne shi, shi ke nan. Nafisa, kafin komai ki samo fensir, ki ɗan yi alama a saman kowane ƙwai yadda yake kwance yanzu. Fensir fa, ba biro ba, ba maka ba. Duk inda za ki kai su, alamar nan tana kallon sama.

Alhaji Garba Jega: Ashe. To shekara 26 ina ƙyanƙyasa, yau na ji ƙwan da ba a juyawa. Na janye.

Nafisa Gwadangaji: Na yi alamar yanzu Dokta. Amma hannuna rawa yake yi. Suna manne da juna kaɗan.

Dokta Hadiza: In sun manne kar ki raba su, ki ɗauke su tare da cokali, har da yashin da ke ƙarƙashinsu. Kuma e, ki ɗauke su. Tsaka ba kaza ba ce, ba ta kwanci, ba ta san ƙwan ba daga lokacin da ta rufe su. In kika bari a wurinta za ta iya tone su tana neman sanyi, ko gyaren da kike zuba mata ya huda su. Game da namiji kuma: irin wannan tsakar, wadda a kimiyyance ake kira Hemitheconyx caudicinctus, macen tana ajiye maniyyin namiji a jikinta watanni. Tun tana daji aka yi barbarar, ta zo miki da kayanta. Tana kuma iya yin ƙwan da babu komai ciki, kamar dai kajin gidan gona. Sai nan da mako ɗaya ko kwana goma za mu gane wanne ne.

Malam Usman Gwandu: Salamun alaikum. Ni kam ban iya yin shiru ba. Ɗiyata Nafisa, ba don in ɓata miki rai ba, amma kin san abin da ya zo a kan tsaka. Hadisin Ummu Sharik yana cikin Bukhari da Muslim, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a kashe ta, kuma an ambaci cewa ita ce ta riƙa hura wutar da anka jefa Annabi Ibrahim. A Muslim har ladan wanda ya kashe ta da bugu ɗaya an faɗa, lada ɗari. To abin da anka ce a kashe, ina shi ina kiwo, har ana raino ƙwai nai?

Bashar Argungu: Malam ya zo da babbar sanda.

Nafisa Gwadangaji: Allah gafarta Malam, na san hadisin, tun a Islamiyya muka karanta, kuma wallahi abin ya tsaya min a rai. Abin da ya sa na riƙe ta, ban tabbata ita ce wadda ake nufi ba. Wadda muka sani ita ce mai shiga ɗaki, mai bin bango da rufi, tana kashi a kan kwano. Wannan a ilimin dabbobi ma gidansu daban, ba ta da manne a yatsu, tana da fatar ido, rayuwarta a rami da suri, ba ta zuwa inda mutane suke. Ban ce na fi kowa sani ba.

Malam Usman Gwandu: Rabon da 'yan boko sunka yi ma dabbobi daban, abin da Larabawa ke kira wazaga, kalmar da ta zo a hadisin, daban. Kina iya yin gaskiya, kina iya yin kuskure. Ni ban ba da fatawa ba, tunatarwa ce. Ki ɗauki hotonta ki kai wa malamin da kika yarda da iliminsa, ya gani da idonsa, kar ki tsaya kan abin da ranki ke so.

Nafisa Gwadangaji: In sha Allah zan yi haka Malam. Na gode.

Maman Hanif: Ni ba ma wannan ba. Kuturta fa? Mu tun muna yara an ce in tsaka ta faɗa a abinci ko ta yi fitsari a randa, wanda ya sha sai ya kuturce. Kakarmu ko tabarmar da tsaka ta bi sai an wanke. Ke kuma kina ɗaukarta da hannu, a gida ɗaya da yara?

Anti Kulu Yauri: Maman Hanif, wannan kam bari in amsa, aikina ne, shekara 18 ina jinya. Tsaka ba ta kawo kuturta. Ƙwayar cuta ce ke kawo ta, wani likita ɗan ƙasar Nowe mai suna Hansen ya gano ta a 1873, kuma daga mutum take zuwa mutum, ta numfashi da majina, sai an daɗe ana zama da wanda bai sha magani ba. Maganin kuma kyauta ake ba da shi, wata 6 zuwa 12 an warke. Ina jin fatar tsaka ce da ke yin fari-fari tana saɓulewa in tana saɓa ta sa mutanen da suka haɗa ta da cutar. Amma kakarku ba ta yi wauta ba da take wanke tabarma. Kashin tsaka da na ƙadangare yana ɗauke da salmonela, mai sa gudawa da zazzaɓi, irin wadda ke kashin kaji. Saboda haka Nafisa, sabulu bayan kowane taɓi, kar ki wanke robarta inda ake wanke kwanuka, kuma yaro ƙasa da shekara biyar ba shi ba ita.

Maman Hanif: To Anti, na ji. Amma ni dai ko a hoto tsigar jikina tashi take yi.

Admin: Jama'a, tambayar kiwo aka yi. Maganar hukunci an miƙa ta ga malamai, a bar ta nan. A ci gaba.

Nafisa Gwadangaji: Dokta, babbar damuwata zafi. Ɗakina rufin kwano ne, jiya da azahar ma'aunin zafina ya nuna 41. Wuta kuma kin san halin da ake ciki. A ina zan samo 30 a Birnin Kebbi a watan Afrilu?

Dokta Hadiza: Wannan ita ce tambayar. Turawan da ke kiwon irinta, waɗanda ake kai musu daga Gana da Togo da Binin, fama suke yi su ɗumama ƙwai. Mu nan fama za mu yi mu sanyaya. Bari mu fara da shimfiɗar. Ki samo robar abinci mai murfi, ki huda ƙananan ƙofofi biyu ko uku da allura mai zafi. Su can bamikulait suke zubawa, wani ma'adini mara nauyi mai riƙe ruwa, suna haɗa shi da ruwa nauyi ɗaya da ɗaya. In kin samu wurin masu rainon furanni to, in babu, ki samo yashin gulbi, ki wanke, ki soya shi a kasko don ya kashe fumfuna da ƙwayayen ƙwari, ya huce, sannan ki yayyafa ruwa. Gwajinsa: ki dunƙula a hannu, ya kama jikinsa amma ko ɗigo ɗaya kar ya fito. Ki yi gurbi da yatsa, ki binne ƙwan rabi, rabi a waje. Ɓawon nan mai laushi shan ruwa yake daga ƙasa, za ki ga ƙwan yana ƙara girma a hankali. In ya fara loɓawa da wuri, ƙishi ne, ki ɗiga ruwa a gefen robar, ba a kan ƙwan ba. In ruwa ya yi yawa kuma fumfuna ta ci shi. Ki riƙa buɗe murfin sau biyu a mako iska ta shiga. Sanyayawar ce ban da amsa tsayayya. Firiji dai a'a.

Alhaji Garba Jega: To nan kam ni ka da magana. Kun manta randa? Lokacin da munka taso babu firiji, gindin randa nan anka aje goro da man shanu. Ki samo tukunyar ƙasa babba da ƙarama, ki sa ƙaramar cikin babbar, ki cika tsakaninsu da yashi, ki jiƙa yashin safe da marece. Robar ƙwan ta zauna cikin ƙaramar, busassa, a rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara. A aje inuwa inda iska ka bi. Wanga shi na abin da marigayi Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa ma masu tumatir da yalo, har Turawa sunka ba shi lambar yabo.

Dokta Hadiza: Baba Alhaji ka biya bashin injin! Wannan ita ce dabarar. Ruwan da ke tsatsafowa ta jikin tukunya yana bushewa, shi ke janye zafin, kuma ya fi aiki yanzu da iska take a bushe. Sai dai Nafisa ki gwada tukunyar kwana biyu da ma'aunin zafi a ciki kafin ki sa ƙwan, ki duba da asuba, da azahar, da tsakar dare. Tana iya yin sanyi fiye da kima da asuba. Kafin nan ki ajiye robar a gindin randar gidanku, a ƙasa. Wani abu kuma da zai ba ku mamaki: zafin ne ke zaɓar jinsi. Wajen 27 zuwa 28 mata suka fi fitowa, wajen 31 zuwa 32 maza suka fi yawa, kuma mai zafin ya fi saurin ƙyanƙyashewa. Ki sa rai tsakanin kwana 45 da 65.

Bashar Argungu: Wato ƙadangaren bakin tulu ya samu ƙanwa, tsakar cikin tulu. A kar ki a kar tulu. Nafisa, Inna ta san za a ajiye jikokin tsaka a gindin randarta?

Nafisa Gwadangaji: Yaya Bashar ka rufa min asiri. Na ce mata aikin makaranta ne, kuma ba ƙarya na yi ba.

Dokta Hadiza: Duk mun taru a kan ƙwai mun bar mai jego, alhali ita ta fi ba ni tsoro. Ƙwai in kin gyara musu wuri kin gama, sai jira. Ita kuwa daga ƙashinta ta ciro kalsiyam ta yi ɓawon nan, daga wutsiyarta ta ciro kitsen gwaiduwa, shi ya sa kika ga wutsiyar ta tsotse. Kuma ba ta gama ba. Bibbiyu suke yi, bayan mako biyu zuwa huɗu ta sake, tana iya yin haka sau uku ko fiye a shekara. In ba ki mayar mata da abin da ta rasa ba, a zagaye na biyu ko na uku za ki ga muƙamuƙinta ya yi laushi, ƙafafu sun lanƙwashe, tana rawar jiki, ko ƙwai ya maƙale mata. Me kike ba ta?

Nafisa Gwadangaji: Gyare da ƙananan fara, sau biyu a mako. Almajirai ke kamo min a fadama.

Dokta Hadiza: Fadamar shinkafa? Ki daina yau. Feshi ake yi a can, kuma farar da ta sha magani ita ta fi sauƙin kamu. Haka kyankyason ɗakin da aka sa wa ota-fiya-fiya. Ki sa a kamo miki a inda ba a noma, ki tsare ƙwarin kwana ɗaya a wata roba kina ba su karas da ganyen zogale da ɗan dusa, don abin da ke cikinsu shi take ci. Yanzu kullum za ki ba ta, da magariba, iya abin da za ta cinye cikin minti goma sha biyar, kowane ƙwaro kar ya fi faɗin tsakanin idanunta. Kalsiyam kuma: ki dafa ɓawon ƙwan kaza, ki shanya, ki daka ya yi laushi kamar hoda, ki tankaɗe. Ki zuba ƙwarin a leda da ɗan garin ki girgiza kafin ki ba ta, ki kuma ajiye kaɗan a murfin kwalba tana lasa da kanta. In kin samu garin kalsiyam mai bitamin D3 a kantin maganin dabbobi, sau ɗaya a mako ya isa, shi yawansa illa ne. Ruwa a murfi mara zurfi kullum. Ki bar mata wurin tonon nan da damshi. Kar ki ɗauke ta kwana uku, kuma ko da wasa kar ki kama wutsiya, yarda ita za ta yi, rumbunta ke nan. Kina da sikeli?

Nafisa Gwadangaji: Akwai na kicin na Anti. Makon jiya giram 49, yau 41.

Dokta Hadiza: Ki riƙa aunawa duk Juma'a ki rubuta. In kika ga tana ta tono kwana biyu uku babu ƙwai, ciki a kumbure, ido a rufe, ba ta ci, kar ki matsa cikin, ƙwan zai fashe a ciki. Ki nemi likitan dabbobi, in ta kama har asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Kuma ra'ayina, ba dole ba: dabbar daji ce. In ta gama ƙwanta ta murmure, damina ta sauka, a mayar da ita inda aka tono ta. Irinta a hannun mai kiwo tana wuce shekara 10, ke kuma ga bautar ƙasa ga aure.

Bashar Argungu: A sa ta cikin kayan ɗaki, kusa da kwalla.

Nafisa Gwadangaji: Salam 'yan zaure, yau kwana 11. Tukunyar Baba Alhaji tana tsayawa tsakanin 28 da asuba da 32 da azahar, sau uku nake jiƙa yashin. Jiya da dare na haska ƙwan da tocilan waya ta gefe, ban ɗaga su ba. Ɗaya ja-ja ne a ciki, da wani zobe da jijiyoyi kamar saiwa. Ɗayan rawaya ne fayau, ya loɓa, ga wani farin gashi-gashi ya fara fito masa.

Dokta Hadiza: Na farkon yana da rai, barka. Na biyun da alama fanko ne. Ki goge fumfunar da auduga a hankali ki ba shi kwana uku. In ya fara wari ko ya yi kore, ki yanke shi da reza daga inda suka manne, ki bar ɗan guntun ɓawonsa a jikin mai kyan, ya fi ki ja ki yaga. Kuma ki rage haskawa, sau ɗaya a mako ma ya yi yawa.

Malam Usman Gwandu: Ɗiyata, kin kai tambayar?

Nafisa Gwadangaji: Na kai Malam. Ya kalli hoton ya daɗe, ya ce shi bai taɓa ganin irinta ba, zai duba ya kuma tambayi na gaba da shi. Ya ce kafin nan kar in bar ta da yunwa tunda ni na tsare ta.

Malam Usman Gwandu: Wannan kam gaskiya ya faɗa, babu saɓani a kai. Muna jiran sauran.

Nafisa Gwadangaji: Jama'a! Yau 25 ga Mayu, kwana 52. Shekaranjiya ƙwan ya yi gumi ya ɗan loɓa, na ɗauka ya lalace, saura kaɗan in zubar. Da asubar nan na buɗe na ga kai a waje. Bai gama fitowa ba sai wajen ƙarfe tara, ban taɓa shi ba kamar yadda Dokta ta ce min ta waya. Tsawonsa kamar ɗan yatsana, ratsinsa ya fi na uwar fitowa, kuma da na matso da cokali sai ya buɗe baki ya yi min tsawa, ɗan mitsitsi da shi. Uwar ta sake yin biyu ranar 24 ga Afrilu, duka suna da jijiya, suna cikin tukunya. Nauyinta ya koma 47, wutsiya ta fara cika.

Alhaji Garba Jega: Masha Allah. Tukunyar ƙasa ta yi abin da injin dubu ɗari huɗu bai iya ba. A rubuta wanga a aje.

Dokta Hadiza: Barka da arziki. Ki raba shi da uwar, za ta iya cinye shi. Roba daban, shimfiɗar takarda mai ɗan damshi, ba yashi ba don kar ya haɗiya, da ɗan wurin ɓuya da murfin ruwa. Ba zai ci komai ba sai ya yi saɓar farko, kwana uku zuwa biyar, kuma zai cinye saɓar, kar ki tsorata. Bayan nan ƙananan gyare ko gara, ban da zago mai cizo. Ki lura da tukunyar kuma, in ruwa ya sauka iska ta yi laima ba za ta riƙa sanyi kamar da ba, ki ci gaba da duba ma'aunin.

Maman Hanif: Turo hoton mu gani. Daga nesa dai.

Nafisa Gwadangaji: Ga shi nan. Inna ma ta leƙa, ta ce a'uzu billahi, ta tafi, ta dawo ta sake leƙawa. Yanzu wa ke da tsohon suri kusa da Gwadangaji ko hanyar Kalgo, inda ba a feshi? Nan da Alhamis nake buƙatar gara.

Bashar Argungu: Akwai bayan gidan kawuna. Zan kawo miki a gwangwani ranar Laraba, amma a bakin ƙofa zan tsaya.